Hannun Mantau

Sha ɗayan dare, Unguwar Rogo ta yi tsit,
sai ruwa na ɗiga a kwanon rufi.
Sanyin Jos ya biyo ƙasan ƙofa ya kama min yatsu.
Na buɗe kwamfutar da na harhaɗa daga gawar wasu uku,
batirinta saura kwata.

A cikinta ina da gari.
Mutum tara, a wata duniya mai rana biyu.
Ni na yanka musu fili, ni na raɗa musu suna,
ni na sa su shuka dankali a bayan dutse
don shi na sani.

Yau Mantau ya mutu.
Rami ya rufta da shi yana haƙa,
yadda aka ce ramin kuza ya yi da kakana a Bukur.
Ga shi kwance a allo, bai fi ƙwayar wake ba,
amma rabin arzikin gari na jikinsa:
hannun ƙarfe da ya ci min girbin kaka biyu,
da idon gilashi mai gani a duhu.
Can ɗakin jinya Kyauta na zaune da dungu
tun ranar da injin niƙa ya kama ta.

Wasan ya rubuto min, ko kunya babu:
a binne, ko a kwance kaya.
Agogo kuma na tafiya.
In gawa ta kwana, ƙarfen ma ya tashi aiki.

Ni fa sana'ata ce.
A Taminus, safe zuwa la'asar, wayoyi nake feɗewa.
Wadda ta faɗa ruwa in ɓare mata fuska
in liƙa wa wata, mai ita ya tafi yana dariya,
ban taɓa ce wa waya Allah ya jiƙanta ba.
Dung, na teburin gefena, kullum faɗi yake:
mataccen kaya abincin mai rai.

To me ya riƙe min hannu?

Babana da ƙarfe a cinya ya tafi.
Ƙusa shida, bayan hatsarin hanyar Bauci.
Gonarmu ta Naraguta a kansu ta ƙare.
Ranar da muke masa wanka na ji taurin a tafina,
sanyi biyu, na fata da na ƙarfe,
sai wani lissafi ya gifta min
wanda har yau ban gaya wa kowa ba.
Muka rufe shi da abinsa.
Ƙasa ta ci rabonta, wancan na san yana nan.

Zinatu ta farka neman ruwa, ta leƙo ta kafaɗata.
"Baba, wannan barci yake?"
Na ce ya rasu.
"An yi masa wanka?"

Babu wurin danna wanka. Na duba.

Na danna na biyun.
Likitan gari ya sunkuya, ɗan layi kore ya cika a hankali.
Hannu ya fita lafiya. Ido ya fashe.

Na sa aka yi wa Mantau kabari ya kalli gabas,
ko da yake a duniya mai rana biyu
ban san wacce ce gabas ba.
Mutanena suka yi fushi da ni kwana biyar, lamba ta nuna.
Da gari ya waye Kyauta ta fita gona
da hannun da ya yi mata tsawo,
ta wuce kabarin ba ta waiwaya ba.
Ba a rubuta mata waiwaye ba.

Batir ya ƙare. Zinatu ta yi barci a cinyata.

A aljihun teburina na Taminus akwai wata waya,
mai ita ya rasu, ɗansa ya kawo,
ya ce in cire duk abin da zai yi kuɗi.
Kwana huɗu ke nan.
In an kunna ta, hoton jikoki ne a fuskar.