Firam Biyu a Shagon Ovidio

A shagon Ovidio, bayan kasuwar Duitama,
firam biyu na rataye a ƙusa ɗaya.

Na kabon, baƙi wuluk,
na ɗaga shi da yatsa biyu,
zuciyata ta riga ni hawa tsauni.

Ovidio bai ce uffan ba.
Ya zaro tsabar peso, ya bi shi da ƙwanƙwasa:
tas, tas, tas,
dab da wuya sai amon ya dushe.
"An taɓa faɗuwa da shi.
Fenti ne ya rufa asiri."

Na alminiyam kuwa ga nauyi,
ga tabon walda a fili.
Kuɗin dankalin kaka biyu ne a aljihuna.

Mai tabon na saɓo gida.
Hawan Sotaquirá zai karɓi harajin rabin kilon nan
a cinyoyina, kowace asuba.
Zan biya.