Lamba Tara a Paysandu

Ni ne mai zuba farar ƙasa a layukan fili,
shekara talatin da ɗaya, ban taɓa cin ƙwallo ba.
Amma na san Elbio Zubiria tun yana yaron mahauta,
yana zuwa atisaye da ƙarnin nama a hannu,
takalminsa na hagu ɗaure da waya.

Ba shi da gudu. Kowa a Paysandu ya san haka.
Jira ne jarinsa,
irin na zalɓe a bakin kogin Uruguay:
minti tamanin a tsaye, ƙafa ɗaya a ruwa,
'yan kallo suna ta ɗura masa ashar,
sai kifi ya gifta,
sai raga ta girgiza.

Goma sha tara ya zura a kakar farko.
Montevideo ta aiko da mota.
Daga can jirgi ya kai shi wani gari a Sifen
inda ya ce ruwan sama ba ya gajiya.
Ya aiko wa mahaifiyarsa kuɗin firij,
ni kuma kati: "Anibal, layinka ya fi nasu miƙewa."
Ƙarya yake. Har yau katin yana aljihuna.

Gwiwa ce ta dawo da shi, ba kewar gida ba.
Tiyata biyu, da tabo kamar zif ɗin jaka.
Ranar wasansa na ƙarshe aka ba mu fenariti.
Ya ajiye ƙwallo kan ɗigon da na zana da safe,
ya ja da baya, ya buga,
ta tafi gaishe da mai gasa nama a bayan katanga.
Bai dubi sama ba. Ni ya duba,
kamar ɗigon ne ya gusa.

Sai suka rataya masa usur, suka ce koci.
Nan ne gizo ya yi saƙa:
ƙafa ta sani, baki bai sani ba.
Yakan ce wa yara, "Ku tsaya inda za ta faɗo."
Su ce, "Ina ke nan?"
Ya buɗe baki, ya rufe,
ya zuƙi shayin mate daga ƙoƙo,
ruwan ya huce tun ɗazu.
Wasa bakwai a jere babu nasara.
Shugaban kulob, mai shagon taya,
ta tagar mota ya sallame shi,
ko injin bai kashe ba.

Ya je Salto, ya je Rivera a kan iyaka,
inda suka riƙe masa albashin wata biyar.
Ya hau da kulob ɗaya, ya faɗo da biyu.
Furfura ta zo, matarsa ta gaji da ɗaure kaya.

Yanzu 'yan ƙasa da sha huɗu yake horarwa,
Talata da Alhamis, in ba a yi ruwa ba.
Akwai wani siriri, Yamandu, ɗan mai gyaran kwalekwale,
mai gudu kamar an cinna masa wuta,
kullum tuta a sama, kullum satar gida.
Elbio ya daina yi masa bayani.
Ya kai shi bakin kogi da asuba,
suka zauna kan wani jirgi da aka kife,
awa biyu, ba wanda ya ce uffan.

Ran Asabar yaron ya tsaya.
Na ga ƙafafunsa suna roƙonsa, ya hana su.
Ƙwallo ta faɗo daidai gabansa,
ya buga, ta daki turke, ta fita.
Aka tashi babu ci.
Elbio kaɗai ke tafi a bakin benci,
yana cewa, "Ya jira! Kun ga ya jira?"

Da yamma ya ɗingiso ya riƙe mini bakin igiya.
Ya ce, "Ɗigon nan fa ya gusa ranar."
Na auna a gabansa: mita goma sha ɗaya cif.
Ya ce, "Sake aunawa."