Tumfafiyar Bakin Rijiya

A lambuna na Kwalkwalawa, inda Rima ke jan ƙafa da rani,
shekara talatin ina shuka abin da ake aunawa:
albasa, attarugu, tumatir mai saurin fushi a kwando.
Duk tsiron da ba shi da farashi
fartanya ce gaisuwarmu da shi,
ban tambayi sunansa ba ko sau ɗaya.

Ran nan Luba, 'yar ɗana, ta zo da littafin makaranta,
ta ɗora yatsa kan wani hoto mai fukafukai.
"Kaka, wanga a wace ƙasa shike?"
Malam-buɗe-littafi ne.
Na buɗe baki in ce ga su nan birjik, na ɗaga kai.
Warin feshin jiya kaɗai ke yawo bisa ganye.
Na duba kunya bayan kunya,
har na iso kan tawa kunya.

Da dare na tuna kufan bayan gidanmu,
muna taka 'ya'yan tumfafiya su fashe, fus,
audugarsu ta tashi mu bi ta da gudu.
Inna na kira daga ɗaki: "Ku kiyayi nononta da idanunku!"
Can nake ganinsu, a kan furenta,
masu ruwan goro da baƙin gefe,
suna buɗe shafi suna rufewa, ba gaggawar tafiya.

Akwai wata da ta tsiro bakin rijiya.
Sau uku na sare ta, sau uku ta dawo.
Wannan karon na jingine fartanya,
na kewaye ta da kara,
na zuba mata ragowar guga.

Modi maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge.
"Mutane na ban ruwa ga zogale, kai kana renon tsiya?
Jaki ma shinshinawa yake ya wuce."
Ya tafi yana riƙe ciki don dariya.

Sati uku, sai ga ganye ya huhhuje.
Tsutsotsi ne, masu zanen fari da baƙi da rawaya,
suna ci kamar an gayyace su walima.
Hannuna ya kai ga takalmi, tsohon hali.
Luba ta riƙe mini riga.
Na ajiye. Sai da na zauna kafin ta sake ni.
Ashe wanda ke son baƙo
ba ya ƙirga lomar da ya haɗiya.

Wata safiya suka ɓace.
Na zargi tsuntsaye, na zargi Modi a zuciya.
Luba ce ta gano ɗaya ƙarƙashin ganye,
a rataye, kore shar, da ɗigon zinariya,
kamar ɗan kunnen da aka manta a reshe.
Kullum bayan makaranta sai ta zo ta tsuguna,
ta yi masa magana ƙasa-ƙasa.
Ban ji ba. Ban tambaya.

Ranar da ya fito tana aji.
Ni kaɗai na gani, ni da guga.
Jiƙaƙƙe, a yamutse kamar tsohuwar takardar rasit,
ya daɗe yana shanya kansa,
sannan ya buɗe, ya rufe, ya buɗe.
Rabona da tsayawa haka ba aiki tun ina yaro.

Ya tashi, ya haye shinge, ya nufi gonar Modi
inda aka yi feshi shekaranjiya.
Na ce "kai!" kamar yana jin Hausa.

Da la'asar na nuna wa Luba ɓawon da ya bari.
Ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Saura nawa?"
Muka ɗaga ganye muna ƙirgawa. Huɗu.
Gobe zan shiga wurin Modi da goro,
mu yi maganar gefen shingen nan, taku goma kawai.
Na san zai yi dariya.