Askin Ƙeya

Cikin tsohuwar safar ulu na kai ta,
ran Talata, ƙanƙara har gwiwa a Dakota ta Arewa.
Leland Brekke ya kashe rediyo,
ya tura tabarau kan karan hanci,
ya ce, "Ajiye nan, Marlys. Kar ki faɗa min komai tukuna.
Ƙarfe ya fi mai shi riƙe zance."

Ya danna wani ɗan harshe da babban yatsa,
libarbar ta karye biyu
kamar tsoho zai ɗaura takalmi.
Ɗakuna shida, ba kowa ciki,
sai warin man da ya daskare tun ban san kaina ba.

"Ga kambi, ga kibiya mai ƙafa uku.
Dukiyar sojan Ingila ce.
Webley, ƙirar Birmingham,
alif ɗari tara da sha bakwai."

Na ce, yauwa.
Kaka Orval daga yaƙi na biyu ya zo da ita.
Wani hafsa ya ba shi a bakin wata gada a Italiya,
tukuicin goyon da ya yi masa cikin ruwan wuta.
Duk Kirsimeti sai mun sha labarin,
kowace shekara gadar na ƙara tsawo,
hafsan na ƙara nauyi.

Leland bai ce uffan ba.
Ya kai gangar kusa da fitila, ya juya ta a hankali.
"Kin ga lambar nan? Rabinta ya tafi.
An aske mata ƙeya
don ta ci harsashin Amurka, wanda ba nata ba.
Ba a fagen fama ake wannan askin ba.
'Yan kasuwa ne, shekara goma bayan an sauke tuta,
suka kwaso su tuli kamar dankali,
suka riƙa aika wa manoma ta gidan waya.
Dala goma sha biyar. Har da kuɗin aike."

Murhu na ta ƙara a kusurwa.
Sai na tuna kakata Inga:
da zarar an iso bakin gadar nan
sai ta miƙe, wai za ta duba tanda.

Na ce, nawa za ta yi?
"Da ba a taɓa ta ba, dubu da ɗoriya.
Yanzu, ɗari biyar,
in mai saye ya tashi da ƙafar dama.
Kuma ji nan: kar ki ba ta na kanti.
Zai shiga daram, amma ya fi ƙarfin haƙarƙarinta.
Tsohuwa ce, abinci mai laushi take so."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da ɗurin hannunsa,
dalma mai taushi, albarushi ɗan kaɗan,
uku-uku a jere kan faifan ƙarfe mai siffar rabin wata.

Bayan shago, gonar alkama ta kwanta fari fat.
Ya kafa gwangwanin kofi bisa turken shinge.
Kunamar ta yi tauri,
sai da yatsana ya yi rawa kafin ta yarda.
Na farko ya tafi neman Kanada.
Hankaki uku suka tashi suna zagina.
Na biyu ya tono ƙanƙara a gindin turke.
Na uku,
gwangwani ya yi tsalle, ya faɗi rigingine,
hayaƙi ya tsaya a iska kamar numfashin saniya.

Leland ya tsince kwanson da safar hannu.
"Wajen babana Orval ke sayen harsashi," in ji shi.
"Kwali ɗaya ya yi masa shekara ashirin.
Ƙafar nan tasa kuwa, tarakta ce."
Ya ƙi karɓar kuɗin dubawa.

Na mayar da ita cikin safa, da sauran ɗuminta.
Kirsimeti saura kwana tara,
kuma bana ni ce babba a teburin.
Jikana Anders zai tambayi gadar, na sani.
Na tuƙa har gida ina lissafin tsawonta.