Riƙe Mini, Baba

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙar Kakuri.
Nakan ji zare zai tsinke tun bai tsinke ba,
da kunne kawai, cikin rugugin injuna.
Wannan nake kira gwaninta.
Saura kuwa, na ce, wasan yara ne.

To ga Rumaisa, autata,
ta tanƙwashe ƙafa a tabarma bayan isha'i,
abin ji toshe a kunne, waya a tafin hannu,
tana magana da mutanen da ba su taɓa cin tuwonmu ba:
wani Bulus a Barnawa, wata a Legas,
da wani can inda gari ke wayewa in namu ya yi duhu.
Wai ita ce mai maganin ayari.
Wai dodo suke fako tun daren Talata.

Na ce, "Dodon da ba ya cizo?
Takobin da aka ƙera da kuɗin data?
Ko kaza aka watsa wa gero a kan gilashin nan
sai ta tsattsaga ta ci yaƙi."
Ba ta tanka ba.
Yatsunta ne ke amsawa, ni kuwa ban iya yarensu ba.

Sai famfo ya yi tari, ya kawo ruwa,
na farko cikin kwana shida.
Uwarta ta ƙwala kira, bokitai suka fara kuka.
"Riƙe mini, Baba. Minti uku.
In ka ga jan layin wani ya yi ƙasa, danna koren nan.
Kuma kar ka tsaya cikin wuta."

Shi ke nan?
Na gyara hula. Ni da na yi kiwon inji takwas ni kaɗai.

Layi biyar suka zube lokaci guda.
Na ba mai lafiya magani, na tsallake mai aman jini,
na danna, na danna, har gorar ta bushe.
Bulus na ihu a kunnena, "Rumaisa, lafiya kuwa?"
Na nemi ƙafafuna, ashe tun ɗazu
ina tsaye tsakiyar wutar
kamar baƙon da ke jiran a ba shi kujera.
Kafin bokitin farko ya cika
na kashe mutum biyar, har da kaina.

Ta dawo, bakin zanenta na ɗiga.
Ta duba. Ba ta yi tsaki ba, da ma ta yi.
Ta ce, "Garaje ka yi, Baba. Ai ba a bin sa da ido.
Kafin ya hura wuta yana jan numfashi sau biyu,
na biyun ya fi kauri.
In ka bari sai ka gani, ka makara."

Na yi shiru.
Abin da na faɗa wa wani sabon yaro ke nan
ranar da ya fara aiki a layina,
kusan kalma da kalma.

Washegari a gindin dalbejiya, wajen dara,
Malam Tanimu ya yi dariya har da tari.
"Gwanintar da ba ta sayen ko mudun masara?"
Na ce, "Tawa fa?
An garƙame masaƙa, ciyawa ta leƙo ta taga.
Kunnen nan yana nan da kaifinsa, wa ya taya?"
Ya ci mini 'ya'ya biyu ina cikin magana.

Har yanzu ina ƙorafin kuɗin data,
kuma nakan tambayi littafinta kafin ta taɓa waya.
Amma na matso da tabarmata kaɗan,
takan ara mini kunne guda.

Jiya na ji shi.
Na farko ya wuce ni.
Na biyun, mai kaurin,
na riga bakina ɗaga hannu.