Kwarin Bayan Telde

Ranar da Nauzet ya hau jirgin ruwa
abu uku ya bar mini:
takalman ƙwallo, bashin waya,
da akwatin gilashi a ƙarƙashin taga,
ciki farin maciji mai ratsin ruwan ƙwai.
"Mama, ba shi da dafi. Ɓera ɗaya duk Lahadi."

Ɓerayen na firiji, kusa da kifi.
Wata huɗu ina narka su a ruwan ɗumi
ina kau da kai.
Shi kuwa ya kwana goga hanci a gilashi
har fatar wurin ta saluɓe.
Na ce Allah bai yi dogo
don ya ƙare kwanansa a naɗe ba.

Na zura shi a rigar matashi,
na gangara kwarin bayan Telde da almuru,
can inda ƙerana ke tsaye kamar masu jiran gawa,
na kwance bakin.
Bai waiwayo ba.
Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.
Na hawo gida sakayau
kamar wadda ta fito daga coci.

Ban san mace ba ce.
Ban san da ƙwai ba.
Ko na sani? Ta yi wa hannuna nauyi.

Shekara tara ke nan.
Katangar duwatsun gonar Chano,
wadda ƙadangaru ke shanya kansu a kai,
manya, kaurin damtse, maƙogwaro jawur,
suna gyaɗa kai kamar an tambaye su,
yau rana ce kaɗai ke kwanciya a kanta.
Chano da ya ƙarar da zagi a kansu
saboda tumatirinsa,
yanzu tumatir lafiya lau, ba huji ko ɗaya,
ya zauna ya yi tagumi:
"Shirun nan ya yi yawa, maƙwabciya."

Jiya masu tarko suka zo.
Yarinya guda, Guacimara, ta buɗe mini buhu:
bakwai, daga kwari ɗaya, kafin hantsi.
Biyu farare. Ratsin na san shi.
Na ce, wane mugu ne ya sako su?
Ta ɗaure buhun da haƙori, ta ce,
"Ba mugu ba ne, Inna.
Galibi mai tausayi ne."

Na sani ba ni kaɗai ba ce.
Tsibirin cike yake da masu taushin zuciya.
Amma garin gyaran gira
ba idona na tsone ba, na kwarin ne,
kuma kwari ba ya kai ƙara.

Macijiyar ma me ta yi?
Yunwa ta ji, ta ci.
Buhun nan ba gida za a mai da shi ba.

Nauzet ya kira daga Bigo, na ce ta mutu tuni.
Rigar matashin na cikin durowa.
Na wanke ta sau uku.
Har yau ban ɗora kai a kanta ba.