Zoben da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Tiyo biyu ba su san juna ba.
Kowanne da motar da ta kawo shi Damagaram,
wannan mai faɗin baki, wancan mai tsinin kai,
suna kwance a rami bayan Kasuwar Dole
kamar baƙi biyu a rumfar tasha.
Abin da ke mai da su hanya guda
bai fi awarwaro nauyi ba:
baƙin zoben kawucu
da Malam Tsahiru ke ɓoyewa cikin hularsa
don kada rana ta gasa shi.

Ina da shekara sha bakwai na fara riƙe masa kile.
Ya ce, share bakin.
Na share.
Ya ce, sake.
Ƙwayar yashi ɗaya, in ji shi,
ta fi ɓarawo haƙuri.

Sai ya zaunar da zoben a gurbinsa,
ya bi shi da yatsa, ido a rufe,
kamar mai laluben ƙaya a ƙafar ɗansa.
A shafa sabulu, a kara katako,
a tura har zanen alli,
sannan a ja baya faɗin yatsa.
Na ce, me ya hana a kai ƙarshe?
Ya ce, bazara na tafe, tiyo ma yana miƙa.
Wanda ka matse har ya rasa wurin numfashi
shi ke tsagewa.
Kusoshin maɗauri kuwa ba a ɗaure su a jere:
wannan kaɗan, na tsallake kaɗan, a dawo,
kamar rabon nama a gidan yawa,
kowa ya taɓa kafin wani ya ƙoshi.

Wata Alhamis ana kokawa a fili.
Kiɗan na iso ni har cikin rami.
Na tura, zoben ya murɗe,
na ji shi a hannuna,
na yi shiru, na mai da ƙasa.

Wata uku ƙasa ta rufa mini asiri.
Sai a tsakiyar rani,
lokacin da duwatsun Birni ke ƙona tafin ƙafa,
ciyawa ta fito kore shar, faɗin tabarma.
Akuyar Zuwera mai ƙosai ce ta fara kai ƙarata.
Can Garin Malam famfo na tari,
jarkoki sun yi layi tun kafin kiran asalatu,
'yan garuwa sun ƙara dala biyu.

Malam bai zage ni ba.
Da ma ya zaga.
Ya miƙo mini shebur, ya zauna a kan dutse,
har na tono laifina da hannuna,
a murɗe kamar kunnen yaro mara ji.
Ya juya shi a tafinsa, ya ce,
ƙirga mini, Mutari,
tulun gidaje nawa akuya ta sha?

Yau hannunsa na rawa,
ko kofin shayi sai an riƙa masa.
In an buɗe sabon famfo, famfon ake wa guɗa,
shi ake ɗauka hoto da manyan baƙi.
Ba wanda ke tambayar wa ya zaunar da zobe.
Ni dai in na bi titin nan
ina ƙirga taku takwas, takwas,
na san nan akwai ɗaya, nan ma akwai,
suna riƙe da bakinsu cikin duhu
shekara ashirin, ba su ce uffan ba.

Murɗaɗɗen nan yana cikin akwatina har yau,
ya bushe, ya tsattsage.
Jiya yarona Sanusi ya share baki, ya ɗago,
yana jiran in yaba.
Daga nesa ana kiɗa.
Na ce, sake.